Ku Daina Rubuta "Staf" a Kan Ciwon da Ba Ku Gani Ba

Takardun gwaji uku ne a gabana, duka na mace ɗaya, matar ƙanina, kuma duka sun fito ne daga ɗakunan gwaji da ke tsakanin Durumi da Eriya Wan a Abuja. Ba zan kama sunan kowa ba, domin abin ya wuce laifin shago ɗaya. Cikin wata tara, sau uku ƙananan ƙuraje masu ruwa suna feso mata a gaba, su fashe, su bar miki mai raɗaɗi, fitsari ya zame mata azaba, bayan sati ɗaya ko biyu su kame da kansu. Kowane karo sai a karɓi kuɗinta, a miƙa mata tsinken auduga a ce ta shiga banɗaki ta ɗauko da kanta, a ce ta dawo bayan kwana uku. Kowane karo amsar ɗaya ce: Staphylococcus aureus, wato staf, ga jerin magunguna a ƙasa da alamomin wanda zai yi aiki da wanda ba zai yi ba. Ta sha ƙwayoyi, ta sha allurai har ɗuwawunta ya yi tsami, mijinta ma aka haɗa da shi. Sai a karo na huɗu wata likita ta duba ta da idonta a ranar da ƙurajen suka fito, ta ce wannan ya yi kama da hapis, ciwon bairos, ta ɗauki samfur yadda ya kamata, ta aika inda ake iya gwajin, aka tabbatar.

Da ku nake, masu ɗakunan gwaji. Da ku nake, ku da kuka yi shekaru a jami'a kuna karanta wannan ilimi, kuka rataye takardar shaida a bango. Ba jahilci ne ya sa ku ba, shi ya sa maganar za ta yi zafi.

Kun sani, tun ajin farko aka koya muku, bairos ba ya tsira a kan farantin aga. Farantin jini, farantin cakulan, farantin Makonki, duk abincin bakteriya ne. Bairos ɗin hapis, ko nau'i na ɗaya ko na biyu, ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyen sel. Ko shekara za ka ajiye farantin nan a na'urar ɗumi, ba za ka ga ɗigo ɗaya na hapis a kansa ba. Abin da zai tsiro shi ne abin da yake zaune a fatar mutum tun fil'azal. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da staf a hancinsa ko a fatarsa lafiya ƙalau. To ka ɗauki auduga ka goga a fata, ka shafa a faranti, staf ya fito, sai ka buga hatimi ka ce ka gano ciwo? Ba ka gano komai ba. Ka je kama ɓarawo, ka kamo mai gida.

Sanin wannan kuka yi, kuma duk da haka kuka rubuta. Saboda kalmar nan ta staf ta riga ta zama kasuwa. Mai maganin gargajiya yana shelarta da lasifika a tasha, mai kemis yana da allurarta a aljihun tebur, mata suna kiranta sanyi, kowa ya san ta, ba mai tambaya. Takardar da ta ce staf tana kwantar wa mara lafiya hankali na ɗan lokaci, ta kawo wa mai kemis ciniki, ta dawo muku da mutum bayan wata uku. Wanda ya yi asara shi ne mai ciwon kaɗai.

Bari in tuna muku yadda ake ware wannan bairos, ba don kun manta ba, sai don mai karatu ya san abin da ake hana shi.

Aikin yana farawa ne daga jikin mara lafiya, kuma lokaci shi ne komai. Ranar da ƙurjin yake da ruwa, bai fashe ba, ranar ce bairos ya fi yawa a cikinsa. Da ya zama miki yawan ya ragu, da ya bushe ya yi ɓawo kuwa da wuya a sami mai rai. Saboda haka wanda ya zo bayan sati guda, gaskiyar da za a gaya masa ita ce ya dawo ranar da ƙurajen suka sake fitowa. Idan an yi sa'a ƙurjin sabo ne, ma'aikaci ne zai sa safar hannu, ya fasa kan ƙurjin da tsinin allura mai tsabta, ya tsotse ruwan da audugar, sannan ya goga gindin mikin da ɗan ƙarfi, domin a sel ɗin da ke gindin nan bairos yake. Akwai zafi, dole a gaya wa mara lafiya tun da wuri. Wannan ba aikin da za a tura mace banɗaki ta yi wa kanta a duhu ba ne, tana jin kunya, ba ta ganin wurin, ba ta ma san me ake nema ba.

Tsinken ma ba kowanne ba. Ana son mai kan dakaron ko rayon, mai sandar roba. Akwai wani nau'i mai kan kalsiyam aljinet da aka daɗe da sanin yana kashe bairos ɗin hapis, tsinke mai sandar itace ma ba a so. Da an goga, nan take sai a tsoma shi cikin ƙaramar kwalba mai ruwan adana bairos, ruwan da ke da gishiri da furotin da zai riƙe bairos da rai, da magungunan da za su hana bakteriya da naman gwari mamaye samfurin. Duk wanda aka zura wa tsinke a hanci a 2020, lokacin korona, ya ga irin kwalbar nan da idonsa. Busasshiyar auduga a cikin ledarta, wadda ta kwana a kan tebur cikin zafin Abuja na watan Maris, gawa ce, ba samfur ba.

Daga nan sai sanyi. Bairos ɗin hapis yana da lulluɓi na maiƙo, zafi da bushewa suna lalata shi da sauri. Samfurin zai zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, a kai shi ɗakin gwaji cikin kwana biyu ko uku. Idan zai wuce haka, sai a daskarar da shi a digiri 70 ƙasa da sifili. Firizar gida, mai digiri 20 ƙasa da sifili, wadda ke narkewa duk sanda aka ɗauke wuta ta sake daskarewa idan an kawo, kashe shi take yi.

A ɗakin gwajin da ya amsa sunansa, akwai bututai da aka shimfiɗa rayayyun sel a jikinsu, ana ciyar da su kamar yadda ake kiwon kaji. Sananniyar zuriya ita ce Vero, wadda aka samo daga ƙodar wani koren birin Afirka a Jami'ar Chiba ta Japan a 1962, kuma har yau jikokin sel ɗin nan ne ake aiki da su a duniya. Akwai MRC-5, ta huhun ɗan Adam, daga Ingila a 1966, akwai ta ƙodar zomo. Sai a zuba samfurin a kansu, a sa a ɗumi daidai da na jikin mutum, a riƙa leƙawa da madubin hangen ƙwayoyi kowace safiya. Hapis yana cikin bairos masu saurin nuna kansu. Sau da yawa cikin kwana ɗaya zuwa uku za ka ga sel ɗin da suke kwance lafiya sun fara kumbura, sun dunƙule kamar balan-balan, wasu sun manne da juna sun zama ƙato ɗaya, ɓarnar tana yaɗuwa har shimfiɗar ta ɗaye daga jikin bututun. Ba a yanke hukuncin babu sai an jira kwana biyar zuwa bakwai. Ko an ga ɓarnar ma aiki bai ƙare ba, sai an sa rini mai ƙyalli da ke manne wa nau'i na ɗaya ko na biyu, a san wanne ne, domin na biyu ya fi yawan dawowa a al'aura, kuma shawarar da za a ba mutum ta dogara da wannan. Akwai kuma gajeriyar hanya, inda ake juya samfurin da na'ura mai wulwulawa a kan sel ɗin, a yi rinin bayan kwana ɗaya ko biyu ba tare da jiran ɓarna ba.

Wannan shi ake kira ware bairos daga samfur. Yanzu ku dubi ɗakinku, ku gaya mini wane mataki a ciki kuka taka kafin ku buga hatimi.

Na san amsarku, na sha jin ta. Babu wuta, man janareta ya yi tsada, kiwon sel yana bukatar ɗaki na musamman da ƙwararre da kuɗi. Duk gaskiya ne, kuma ban zarge ku don ba ku da Vero a bayan shago ba. Ba kowane ɗakin gwaji ne zai iya wannan aiki ba, ko a Turai. Abin da na zarge ku da shi shi ne kun kasa buɗe baki ku ce: "Hajiya, wannan ciwon ba irin wanda gwajinmu ke gani ba ne, ki koma wurin likita ya duba, ya tura ki inda ake yi." Magana ce ta daƙiƙa goma, ba ta bukatar janareta. Abin da za ta ci muku kuɗin gwaji ɗaya ne, shi kuka ƙi bari.

Kuma uzurin ma ya fara tsufa. Yau duniya ta fi dogara da gwajin PCR wajen gano hapis, saboda yana neman ƙwayar gadon bairos ne, ko ya mutu ko yana raye, ya fi kiwon sel kaifin gani, yana kuma bambance nau'i na ɗaya da na biyu cikin sa'o'i. Kiwon sel ya fi amfani yanzu a wurin wanda magani ya ƙi yi wa aiki, inda ake son rayayyen bairos a gwada shi da magani. Korona ta tilasta wa ƙasar nan sayen na'urorin PCR da horar da ma'aikata a jihohi da dama. Daga Durumi zuwa Gaduwa tafiyar 'yan mintuna ce a mota, kuma a can babban ɗakin gwaji na ƙasa na Cibiyar Daƙile Cututtuka, NCDC, yake, inda ake gano ƙyandar biri ta hanyar goga auduga a ƙurji a yi PCR. Hannun da ya iya ɗaukar wancan samfurin ya iya ɗaukar wannan. Ƙyandar biri ma tana fitowa a al'aura ta yi kama da hapis, wanda ya ƙara zama dalilin da ya sa ba a rufe ido a kira kowane miki staf. Me zai hana ƙaramin ɗakin gwaji ya ajiye kwalaben adana bairos da akwatin ƙanƙara, ya ƙulla yarjejeniya da babba, ya ɗauki samfur daidai ya aika? Haka ake yi da gwaje-gwaje da yawa a garin nan.

Ko rinin Gimsa da kuke duba maleriya da shi kullum yana iya ba da haske. Wani likitan fata a Faransa, Arnault Tzanck, ya bayyana a 1947 yadda ake kankaro gindin ƙurji a shafa a gilashi a rina, a ga manyan sel masu cibiya da yawa. Gwaji ne mai rauni, yana kuskure da yawa, ba ya bambance hapis da ƙarambau, ba a dogara da shi wajen yanke hukunci. Amma ko shi aƙalla yana duban inda ciwon yake.

Akwai laifi na biyu, kuma ya fi na farko muni, domin shi gida yake rusawa. Wasunku sun ji sunan hapis sun ga ƙofar kuɗi, sai suka sayo gwajin jini na IgM suna yi wa duk wanda ya zo. Cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka ta daɗe da cewa gwajin nan ba shi da amfani wajen gano hapis: ba ya bambance nau'i, ba ya nuna ko kamuwar sabuwa ce ko tsohuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari, suna ɗauke da nau'i na ɗaya, yawanci tun suna yara. Shi ne ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, mu ce zazzaɓi ne ya fita. Mutum miliyan 520 kuma, tsakanin shekara 15 zuwa 49, suna da nau'i na biyu, akasarinsu ba su ma sani ba. To idan gwajin jininka ba mai bambance nau'i ba ne, me ka gaya wa mutum? Ka gaya masa yana cikin mafi yawan 'yan Adam. Amma ba haka zai karanta takardar ba. Zai kai ta gida ya jefa a gaban matarsa.

Kun san al'ummar da kuke aiki a cikinta. Kun san nauyin da takardar gwaji take da shi a wurinmu yanzu, har a Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Kun san abin da zargi yake yi wa mace. Bairos ɗin nan yana shiga jijiya ya kwanta shekaru, ya taso lokacin da jiki ya raunana, da rashin lafiya ko gajiya ko ciki ko haila. Bazawara tana iya zuwa da shi daga auren fari ba ta sani ba, magidanci yana iya ɗauke da shi shekara ashirin bai taɓa ganin ƙurji ba, ya ba matarsa, a ga alamar a jikinta ita. Fitowar ƙurji yau ba hujja ba ce ta abin da aka yi jiya. Duk wanda ya miƙa irin wannan sakamako ba tare da bayani ba, ya juya baya yana ƙirga kuɗi, yana da kamasho a duk sakin da ya biyo baya, kuma zai amsa tambaya a gaban Allah.

Kada wani ya ce ai ciwo ne da ke warkewa da kansa, me ya yi zafi. Ga babba mai lafiya, sau da yawa haka ne. Amma nau'i na biyu yana ninka haɗarin kamuwa da HIV kusan sau uku, kuma duk miki a al'aura ya wajaba a gwada mai shi tunjere da HIV, abin da takardar staf take sa a manta. Mace mai ciki da ta kamu a karon farko dab da haihuwa, haɗarin ta ba jariri yana kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, alhali wadda ta daɗe da shi haɗarinta bai kai kashi 1 ba, kuma idan likita ya sani akwai matakin da zai ɗauka, ko magani a ƙarshen ciki ko tiyata. Jaririn da ya kamu yana iya mutuwa ko ya tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. Ko a ranar suna, mai ƙurji a leɓe da ya sumbaci jariri yana iya sa masa. Idan bairos ɗin ya hau ƙwaƙwalwar babba, da zazzaɓi da ruɗewa da jijjiga, mu kan ce maleriya ce ta hau kai ko iska ce, alhali idan ba a yi magani ba kusan kashi 70 cikin ɗari mutuwa suke yi, kuma PCR a kan ruwan ƙashin baya ne ke gano shi. A ido kuma, ɗigon magani mai siteroid da ake saye a kemis ba tare da dubawa ba yana iya ƙara rura shi har ya cinye gani.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan. Asiklobir ya fito ne daga ɗakin binciken da Gertrude Elion ta yi aiki a ciki, wadda ta sami kyautar Nobel a 1988, kuma fiye da shekara arba'in ke nan ana amfani da shi. Ba ya fitar da bairos daga jiki, amma yana gajarta ciwon, yana rage zafi, kuma wanda abin ke yawan taso masa yana iya sha kullum ya samu sauƙi. Ya fi aiki idan an fara da wuri. Kowane watan da matar ƙanina ta yi tana shan allurar kashe bakteriya wata ne da aka hana ta maganin da ya dace da ita, aka kuma koya wa bakteriyar jikinta jure magungunan da wata rana za ta bukace su da gaske.

Likitoci, ku ma ba ku fita ba. Wanda ya rubuta takardar gwaji bai duba wurin ba, ya karɓi sakamakon staf ya rubuta magani a kai, shi ya ba wa ƙaryar sa hannu. Mu ma marasa lafiya muna da namu: kunya tana sa mu jira sai mikin ya bushe, mu shafa man kemis mai haɗin uku, mu aiki miji ko ƙanwa ta faɗi ciwon a madadinmu. Mace tana da haƙƙin ta nemi mace ta duba ta, kuma wajibi ne asibiti ya tanadar.

Na zaɓi in yi wannan magana daga Durumi ne da gangan. A unguwar nan hedikwatar Majalisar Kula da Kimiyyar Ɗakunan Gwaje-gwajen Lafiya ta Najeriya, MLSCN, take, wadda dokar 2003 ta ɗora wa alhakin yi wa ma'aikata rajista da duba ɗakunan gwaji. A unguwar nan kuma akwai sansanin 'yan gudun hijira, mutanen Borno, da yawansu daga Gwoza, da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu tun 2014. Matar da ke zaune a rumfar buhu da kwano, idan ta tara kuɗin gwaji ɗaya, ba ta da na biyu. Takardar da kuka ba ta ita ce ta farko kuma ta ƙarshe, a kanta za ta ci bashin magani, a kanta mijinta zai yi mata hukunci. Ina roƙon Majalisar, idan masu dubawarta sun shiga ɗakin gwaji, kada su tsaya a takardar bango da tsabtar ƙasa. Su buɗe littafin sakamako, su ƙirga sau nawa aka rubuta staf a kan samfurin al'aura, su tambayi wa ya ɗauki samfurin, daga ina, da wane tsinke.

Kai kuma mai karatu, ke kuma 'yar'uwa, idan ƙuraje masu ruwa suka fito, a leɓe ko a ido ko a gaba, suna tafiya suna dawowa, a je asibiti a ranar, kafin a shafa komai. A bari ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa. Kafin a biya kuɗin gwaji a tambaya kai tsaye: wannan gwajin yana gano bairos, ko bakteriya kaɗai? Idan suka ce a faranti za su shuka, a riƙe kuɗin a koma wurin likita.